Ajin Baftisma: Benci Ɗaya, Kawuna Dabam-Dabam

'Yan'uwa, a yawancin ikilisiyoyinmu ajin baftisma yakan haɗa ɗan sakandare da manomi da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, duk a benci ɗaya. Malami ya buɗe littafi ya karanta, a maimaita, a yi addu'a a tashi. Ranar gwaji ɗan makaranta ya wuce, Mama kuwa a ce ta jira baɗi. Wasu sukan gaji da jira su daina zuwa gaba ɗaya.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda mutane ke koyo. A 1992 wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, da abokiyar aikinsa suka kasa masu koyo kashi 4: masu ganewa ta gani, ta ji, ta karatu da rubutu, da waɗanda sai sun yi abu da hannunsu. Zancen ya bazu a makarantu da yawa. Amma a 2008 Harold Pashler da wasu masana 3 a Amurka suka bi gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa koya wa mutum ta hanyar da ya fi so kaɗai tana sa ya fi ganewa.

To, kada mu yi saurin laƙaba wa yaro suna, wai wannan na kunne ne, wancan na ido. A ganinmu, darasin ne ya kamata ya zaɓi hanya. Tafiye-tafiyen Bulus suna bukatar taswira, ko da zane ne da tsinke a ƙasa. Dokoki Goma kuwa, sa su cikin waƙa ka ba zumuntar mata, ka dawo mako mai zuwa ka ji. Labarin Basamariye mai kirki ya fi zama idan matasa suka yi wasan kwaikwayonsa.

Ubangiji Yesu kansa haka ya yi. Ya ba da misalin mai shuka, ya tsai da ƙaramin yaro a tsakiyar almajirai, ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafunsu. Yakan kuma yi tambaya ya saurari amsa, abin da mu katikis ba mu cika yi ba don lokaci yana ƙurewa.

Kafin gwaji na gaba, a zauna da Mama a tambaye ta da baki, da Ngas ko Bura ko Jju idan Hausa ta yi mata nauyi, ta faɗi abin da ta gane da kalmominta.