Daga Gaya zuwa Maraɗi da mussoshi: wace hanya za a bi?

Duk shekara, in hutun lakwal ya kusa ƙarewa, akan ga kamiyoyi cike da katifu, tukwane da buhunan hatsi suna fita Gaya sun doshi arewa. Ma'aikata ne da aka yi wa canjin wurin aiki, wato afektasiyo. Ana lissafin kuɗin mota, ana lissafin takardun yara, amma mussar da ta shekara tana tsaron hatsin gida daga ɓeraye sai ranar tashi ake tunawa da ita. Wasu su bar wa maƙwabta, wasu su cusa ta cikin buhu su jefa bisa kaya, ta kai ko kar ta kai.

Mu ɗauki wanda aka tura Maraɗi, yaransa kuma suka ƙi rabuwa da mussoshinsu. Hanyoyi biyu ke gabansa. Ta farko ita ce RN7 zuwa Dosso, wajen kilomita 150, sannan a kama RN1 a yi gabas: Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, jimla kusan kilomita 670. Ta biyu ta ratsa Nijeriya: Kamba, Birnin Kebbi, Sakkwato, Illela, a sake shigowa gida ta Ƙonni. A kan taswira ta biyun ta fi gajarta, kuma direbobi sukan yi mata kwaɗayi.

Ni dai ba na ba mai dabba shawarar bin ta. Ƙetare iyaka sau biyu ke nan, duwan biyu can biyu nan, kaya kuma na gida ne guda da za a iya cewa a sauke a duba. Dabba ma tana da takardunta: shaidar rigakafin ciwon haukan kare da ta lafiya daga likitan dabbobi. Ban da haka, iyakokin nan ba su da tabbas. Nijeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Gadar Malanville ma, da Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe cikin 2024. Mutanen Gaya sun san wannan labari fiye da mai rubutu.

Amma babban dalilin shi ne tsayuwa. Abin da ke kashe mussa a tafiya ba nisan hanya ba ne, zafin motar da ke tsaye ne. Mussa ba ta yin gumi a jiki kamar mutum. Mota na tafiya iska na shiga. Da ta tsaya a shinge da tsakar rana, musamman cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40, cikinta ya zama tanda. In ka ga mussa ta buɗe baki tana haki kamar kare, to abin ya kai ga haɗari: a nemi inuwa, a shafa mata ruwa da tsumma. Saboda haka da yawan shingaye ake auna hanya, ba da kilomita kaɗai ba.

Ga yadda ya kamata a raba tafiyar. A tashi Gaya da asuba ta waye, a wuce Dosso da hantsi, a huta cikin inuwa a Dogondutsi lokacin da rana ta take, a kwana Ƙonni. Washegari saura wajen kilomita 240, a shiga Maraɗi kafin azahar. Tafiyar dare, da sanyinta duka, a bar ta. Halin tsaro bai ba da ita ba, kuma a tambayi direbobin tasha labarin hanya tun jajibiri.

Kowace mussa da kwandonta mai murfi, an ɗaure shi, a cikin mota kusa da mutane, ba bisa kaya ba. A rage mata abinci kafin a tashi don kar ta yi amai, ruwa kuwa a ba ta a kowane zango, amma sai ƙofofi da gilasai suna rufe. Wannan na koye shi da tsada: a bakin tashar Dogondutsi ƙanena ya ɗaga murfi don ya duba tamu, ƙahon wata babbar mota ya tashi, ta ɓace tsakanin rumfuna. Mun yi awa biyu muna kira.

Kada kuma a ba ta maganin mutane wai don ta yi barci. Parasetamol, ƙwaya guda, yana iya kashe mussa.

In an isa sabon gida, a rufe ta ɗaki guda da tsohuwar tabarmarta, da ruwa, da kaskon rairayi, har mako biyu kafin a bar ta ta fita tsakar gida. In aka sake ta ranar farko, gidan Gaya za ta fita nema.