Yawon Keke A Ƙasar Kazaure: A Yi Shawara Da Mai Fito

Malamanmu da yawa sukan so su kwashi almajiransu ranar Asabar su zaga ƙasa a kan keke. Wannan abu ne mai kyau, gama yaron da ya tashi daga Karkarna, hedkwatar 'Yankwashi, ya ga duwatsun Kazaure da na Roni da idonsa, ya fi wanda ya haddace su a taswira.

Amma da damina, in kogin Gari ko na Tomas ya kawo, wani ƙauyen yakan koma kamar tsibiri, ba a isa sai da kwalekwale. Don haka muna jan kunnen malamai, lissafin tafiya daga mashigi yake farawa. A aika tun Alhamis a tambayi mai fito yadda ruwa yake, da yawan mutanen da jirginsa ke ɗauka. A ƙetare da hantsi, kada a bari sai hadari ya haɗo da la'asar. Kekuna su yi sawunsu dabam, yara nasu dabam, ko da kuɗin fito zai ninka.

Kada mu manta da Bagwai. A watan Nuwamba na 2021 jirgin da aka cika wa kaya da mutane ya kife a dam ɗin Watari, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya.

A riƙe famfo da faci da guzuri, a sanar da mai gari. In mai fito ya ce yau ba dama, sai a juya, ba gardama. Allah ya kiyaye, amin.