KWANA ƊAYA A DUTSEN KOYA, GARIN DA AKA HANA MATA SHIGA SAMA DA SHEKARA DUBU

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke ta aiko da wasiƙu kuna tambaya wai ina na shige aka daina ganin sabon littafina a kasuwa. To ga ni, kuma ga labarin abin da ya ɗauke ni.

A watan Satumba na 2023 Hajiyarmu ta tura ni Japan wajen Yayata, wadda maigidanta ke karatu a birnin Osaka, don in taya ta zaman jego, tunda ita ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. Na tafi da akwati cike da 'yan riguna da huluna na jarirai, ina ta zumuɗi. Allah bai yi yaron mai kwana ba ne, kwanansa 3 a duniya ya koma. Mutanen ƙasar kusan dukkansu ƙona gawa suke yi, maƙabartun Musulmi 'yan kaɗan ne, don haka sai da Malam da abokansa suka yi tafiya mai nisa kafin su rufe shi. Yaya kuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Aka yi arba'in tana nan shiru, in ka ba ta abinci ta karɓa ta ajiye, in ka yi mata magana ta ce "to". Wallahi shirun nan ya fi kuka ba mu tsoro.

Rannan Malam ya ce mu shirya, zai kai mu wani gari a kan dutse ana ce masa Koyasan, garin masu addinin Budda. Na ce, "Haba Malam, gidan gumaka za ka kai mu?" Ya ce, "Kallo za mu, ba bauta ba. Iska nake so ta sha." Hankalina bai kwanta ba sai da na buga wa Hajiya waya. Ta yi jim, sannan ta ce, "Ku je da alwalarku, ku dawo da ita."

Daga tashar Namba muka hau jirgin ƙasa, wajen awa ɗaya da rabi yana kutsawa cikin duwatsu. A tashar ƙarshe muka koma wani ɗan jirgi da igiyar ƙarfe ke jan sa zuwa sama, minti 5 ne kacal amma ke dai bari, sai da na karanta duk addu'ar da na sani. Garin yana wajen mita 800 a sama, cikin wani kwari da tsaunuka 8 suka kewaye. Watan Nuwamba ne, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa, ga wani sanyi da ya mai da hunturun Kano wasan yara.

Wani malaminsu mai suna Kukai, wanda suke yi wa laƙabi da Kobo Daishi, shi ya kafa wurin. Ya je Sin neman ilmi a 804, ya dawo da ɗariƙar da ake kira Shingon, sai sarkin Japan ya ba shi dutsen a 816. Yau akwai gidajen bauta 117 a ɗan garin nan, kuma tun 2004 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wani ɗan ɗakin katako da motar haya ta wuce da mu ta gabansa a bakin gari, Nyonindo, wato ɗakin mata. Har zuwa 1872 mace ba ta da izinin wuce wannan iyaka. Za ta tako daga garinsu kwana da kwanaki, ta tsaya nan, ta hango rufin ɗakunan daga nesa, ta juya. Kai, har uwar da ta haifi Kukai ba ta shiga ba. A gindin dutsen ta zauna, suka ce shi yake saukowa gaishe ta sau 9 a wata, shi ya sa ake ce wa garin Kudoyama, dutsen sau tara. Na ce wa Malam ko banza dai ya san haƙƙin uwa. Na waiga ko Yaya za ta murmusa, idonta na kan gilashi.

Mun ga doguwar hasumiyarsu ja, Konpon Daito, mai tsayin kusan mita 50, muka tsaya daga waje aka ɗauki hoto. Kusan gidajen bauta 50 suna sauke baƙi, a ɗaya daga ciki muka kwana. Ba gado, katifa ce a kan tabarma, ƙofofi na takarda, 'yan samarin almajiransu masu ƙwalƙwal ɗin kai su ke kawo abinci. Ba nama, ba kifi, ba albasa, ba tafarnuwa. Tun kafin mu zo Malam ya roƙa kada a sa mana giyar shinkafar da suke ɗiga wa girki. Akwai wata awara ta riɗi mai santsi kamar kamu ya daskare, ita kam na yaba. Sauran kuwa, Allah Ya yafe min, sai da na ciro yajin da na ɓoye a jaka.

Da asuba muka duba alƙibla a waya muka yi sallarmu a ɗaki. Can wajen ƙarfe 6 muka jiyo su sun fara nasu karatun, murya ƙasa-ƙasa kamar kukan zuma. Suna gayyatar baƙi, mu dai muka yi godiya muka zauna.

Da hantsi muka nufi Okunoin, maƙabartarsu. Hanya ce ta kilomita 2 a ƙarƙashin wasu itatuwa masu ɗaruruwan shekaru, sai ka ɗaga kai ɗankwalinka ya zame ba ka ga ƙarshensu ba. Duwatsun kabari sun fi 200,000, gansakuka ta lulluɓe su, na sarakunan yaƙi da na talakawa. Har kamfanoni suna da nasu wurin tunawa da ma'aikata, kuma masu maganin gara sun kafa dutse don garar da suka kashe! A can ƙarshe akwai ɗaki mai fitilu sama da 10,000, bayansa makwancin Kukai, wanda ya rasu a 835. Su a imaninsu bai mutu ba, yana zaune yana tunani, don haka kullum sau 2 ake kai masa abinci. Mun ga malaman sun wuce da akwatin katako a kafaɗa, na ce a raina Alhamdu lillahi da ni'imar Musulunci, amma ban yi dariya ba, don fuskokinsu ba na masu wasa ba ne.

Tun farkon hanyar nake ganin wasu 'yan ƙananan mutum-mutumi na dutse, an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya irin na tare yawun jarirai, wasu har da hular saƙa. Na tambayi Malam, ya yi kamar bai ji ba. Sai a hanyar dawowa muka tarar da wata tsohuwa a durƙushe, tana kwance wani tsohon ƙyalle da ya koɗe tana ɗaura sabo. Yaya ta ja ta tsaya. Ita da ba ta tambayar komai, sai ji muka yi ta ce, "Malam, tambaye ta mene ne wannan."

Ya tambaya da ɗan Japanancinsa. Ashe Jizo ake ce musu, a wurinsu shi ne mai kula da yaran da suka riga iyayensu mutuwa, iyayen ne suke yi musu sutura don kada 'ya'yansu su ji sanyi. Tsohuwar ta ce nata ya fi shekara 40 da tafiya.

Yaya ta zura hannu a aljihun rigar sanyinta, ta ciro wata 'yar hula shuɗiya. Na gane ta, ni na sayo ta a Kano. Ashe duk kwanakin nan tana jikinta. Gabana ya faɗi, na ɗauka ɗora wa dutsen za ta yi, har na kama hannunta na ce, "Yaya!" Ta ce, "Na sani, ba ajiyewa zan yi ba." Nuna wa tsohuwar kawai ta yi. Tsohuwar ta dubi hular, ta dubi Yaya, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai irin gaisuwarsu, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Nan Yaya ta zube a bakin hanya ta fashe da kuka, kuka mai sauti, tana faɗin "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" tana kiran sunan da aka yi wa yaron huɗuba da shi. Na rungume ta ni ma ina yi. Malam ya juya mana baya yana goge fuska. Masu wucewa suka riƙa raɓewa ba wanda ya tsaya kallo.

A cikin ɗan jirgin nan mai igiya, muna gangarowa, ta ce in miƙo mata biskit ɗin da ke jakata, ta cinye tas. Sannan ta dubi maigidanta ta ce, "Ranar Juma'a ka kai ni in ga inda kuka sa shi."