Tsadar inshorar mota: Direbobin Zango na biya, amma wa ke karɓar diyya?

Duk wanda ke zaune a Aboabo ko Sawaba ko Sepe ya saba da ƙarar jiragen sama masu sauka da tashi a filin jirgin Kumasi, wanda aka sabunta aka kuma raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya a shekarar 2024. To ashe masu jirage ma suna da irin kukan da muke ji kullum a tashoshin motarmu. A ƙasar Amurka, inda ɗaiɗaikun mutane ke mallakar ƙananan jirage masu kujeru biyu ko huɗu kamar yadda alhazanmu ke mallakar motar shiga, tun wajen 2019 kuɗin inshorar waɗannan jirage ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanonin da ke wannan harka ba su da yawa, kuma faɗuwar jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX, ɗaya a Indunusiya a 2018 ɗaya a Habasha a 2019, wadda ta ci rayuka 346, ta girgiza manyan kamfanonin da ke tsaya wa ƙananan kamfanonin inshora. Hasarar da aka yi a kan manyan jirage sai ta gangaro kan mai ƙaramin jirgi, musamman dattijon da ya haura shekara 70, wanda wasu kamfanonin ma ƙin karɓarsa suke yi gaba ɗaya.

Sai dai mai jirgi yana da mafita. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta wajabta masa inshora ba, kuma in abin ya fi ƙarfinsa zai iya sayar da jirgin, gidansa ba zai kwana da yunwa ba. Direban tasi ko trotro da ke lodi daga Asawase zuwa Kejetia ba shi da wannan gata. Tun shekarar 1958 dokar Gana ta haramta hawa titi da mota ba tare da inshorar dole ba, wato wadda ake kira ta mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, na ukun kuwa shi ne fasinja ko mai tafiya a ƙasa ko mai dukiyar da motar ta yi wa ɓarna. Ba kuma yadda direba zai zagaya kasuwa ya nemi mai arha, domin Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ita ke amincewa da mafi ƙarancin farashi, kowane kamfani kuma a kansa yake tsayawa.

Idan dai ba a manta ba, a tsakiyar 2015 aka wayi gari kamfanonin inshora suka sanar da cewa kuɗin motar gida zai tashi daga sidi 70 zuwa sidi 471 a shekara. Hayaniyar da ta biyo baya, musamman daga ƙungiyar direbobi ta GPRTU, ta sa aka ja da baya aka rage, amma farashin bai sake komawa kusa da inda yake ba. A Janairun 2023 motar gida ta tashi daga sidi 327 zuwa 482, sannan a Fabrairun 2025 aka ƙara kashi 10 cikin 100, ta koma sidi 530, tasi kuma ta koma 701. Trotro da manyan motoci nasu ya ɗara haka, domin ana lissafa yawan kujeru.

Mu faɗi gaskiya, kamfanonin ba su rasa hujja ba. Wanda ya leƙa Magazin a Suame a shekarar 2022 ya ga yadda farashin fitila da gilashi da bamba ke canzawa tsakanin safe da yamma, saboda duk da dala ake shigo da su. A farkon waccan shekara dala ɗaya na wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 14, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Kuɗin magani da na aikin tiyata duk sun bi sahu. Bugu da ƙari, shirin sake fasalin bashin cikin gida da gwamnati ta yi a 2023 ya taɓa kamfanonin inshora, waɗanda suka zuba kuɗin jama'a a takardun lamunin gwamnati. Amma direbobi ma suna da tasu tambayar. A 2025 sidi ya farfaɗo ƙwarai, har a watan Mayu direbobi suka rage kuɗin mota da kashi 15 cikin 100, watanni uku kacal bayan an ƙara musu kuɗin inshora. Idan faɗuwar sidi ce hujjar ƙari, ashe tashinsa bai kamata ya zama hujjar ragi ba?

Duk da haka, a namu ganin babbar hasarar da mutanen Zango ke yi ba a wajen biya take ba, a wajen karɓa take. A duk lokacin da muka buɗe layin waya a kan wannan batu a gidan rediyo, abin da muke ji daga bakin direbobi kusan iri ɗaya ne: inshora takardar ɗan sanda ce, ana sayenta ne don a wuce shinge lafiya. Da wuya a sami wanda zai ce ya taɓa neman diyya, balle ya karɓa.

Ga yadda abin ke gudana a unguwanninmu. Mota ta buge yaro a kan hanyar makaranta, ko ta karya wa mai talla ƙafa. Kafin a isa asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, dattawa sun riga sun shiga tsakani. Mai mota maƙwabci ne, ko ɗan uwan suruki, ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci. Sai a je gaban liman ko sarkin unguwa, a ce ƙaddara ce, kada a kai maganar wurin 'yan sanda. Mai mota ya ɗauki kuɗin asibiti na mako biyu ko uku, ya kawo buhun shinkafa, daga nan ƙafarsa ta fara ɗaukewa, domin shi ma ƙarfinsa ya ƙare. Iyalin wanda ya ji rauni kuma kunya ta hana su magana. Ta haka mai mota ya biya sau biyu, ɗaya ga kamfani ɗaya daga aljihunsa, wanda aka buge bai sami abin da zai riƙe shi ba, kamfanin da aka biya domin wannan rana kuwa ko labari bai ji ba.

Ba muna kushe sulhu ba ne, domin shi ya riƙe zaman lafiyar Zango tun zamanin fatauci. Abin da ya kamata dattawanmu su sani shi ne, neman diyya daga kamfanin inshora ba kai ƙarar maƙwabci ba ne. Kuɗin ba daga aljihun direba zai fito ba. Kuma a irin wannan inshora, yayin da aka yanke wa ɓarnar dukiya iyaka ƙarama, wadda aka kai sidi 6,000 a 2023, kuɗin da ba zai gyara gaban mota mai kyau ba, rauni da rasa rai ba a yanke musu irin wannan iyaka ba. Ana duba girman raunin ne da abin da mutum ke samu da kuma waɗanda yake ciyarwa. Marayu da matar mamaci suna da haƙƙi a nan, kuma ba ma jin wani kawu yana da hurumin yafe shi a madadinsu don kawai a ce shi mutumin kirki ne.

Hanyar dai akwai wahala, ba za mu ɓoye ba. Sai an sami rahoton 'yan sanda da rahoton likita, in kuma rasuwa ce sai da takardar shaidar mutuwa da ta kotu mai nuna wanda zai tsaya wa magada. Waɗannan takardu na cin kuɗi da zirga-zirga, kuma a nan ne talaka kan gaji ya ce ya bar wa Allah. Wanda ya ƙi sanar da 'yan sanda a ranar farko kuwa ya rufe ƙofar da kansa. In kamfani ya tsaya jan ƙafa, hukumar NIC tana da ofishi a nan Kumasi inda ake kai koke, ba sai an je Ankara ba. Haka nan akwai asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar domin wanda mota ta buge ta gudu, ko wanda motar da ta buge shi ba ta da inshora. Abin da ake bayarwa a can bai taka kara ya karya ba, amma a kowace inshorar mota da aka saya akwai ɗan kason da ke shiga wannan asusu, ke nan da kuɗin direbobinmu a ciki.

Wani abin da ya canza shi ne batun sitika ta jabu. A da, ana sayar da ita a bakin tasha a kan rabin farashi, direba ya liƙa a gilashi ya kama hanya. Tun Janairun 2020 aka haɗa duk inshorar mota a rumbun bayanai ɗaya na kwamfuta, ta yadda ɗan sanda, ko ma fasinja, zai danna *920*57# a wayarsa ya sa lambar mota ya ga ko inshorarta na da rai. Wannan ya toshe wa masu damfara hanya, ya kuma sa wasu da ba su taɓa biyan cikakken kuɗi ba suka ji ƙarin ya zo musu ninki biyu.

Sauran magana ita ce ta Pragya, kekunan nan masu ƙafa uku da suka zama abincin dubban matasan Asokore Mampong, har rikici ya ɓarke a 2023 lokacin da hukumar birnin Kumasi ta hana su shiga tsakiyar gari. Ƙa'idojin hanya na 2012 sun haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a kan babur ko keke mai ƙafa uku, kamfanin inshora kuwa ba ya tsaya wa aikin da doka ta hana. Ma'ana, shekara da shekaru matan da ke hawa Pragya zuwa kasuwa da yaran da ake jibgewa a ciki zuwa makaranta suna tafiya ne a kan takardar da kamfani zai iya cewa ba ta shafe su ba. A Disambar 2025 majalisar dokoki ta amince da gyaran doka domin halatta wannan sana'a. Halattawar na nufin dole inshorar Pragya ta haɗa da fasinjoji, kuma kamfanoni za su yi lissafinsu ne a kan yawan haɗurran da waɗannan kekuna ke yi. Ƙungiyoyin matuƙa Pragya na Aboabo da Sawaba, waɗanda yawancin 'ya'yansu ke biyan kuɗin keken kullum-kullum ga mai shi, ya kamata su nemi kujera a teburin da za a yanke wannan farashi, kamar yadda GPRTU ta yi a 2015.