An ga bayan bushiya, saura annobar awaki da tumaki

Wata safiya, a wurin rigakafin bisashe a wani ƙauye na jihar Maraɗi, na ga wani dattijo ya jawo raguna biyu ya ɗaure su can nesa da sauran garke. Na ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce na layya ne, ba zai bari a tsaga musu kunne ba. Muka zauna gindin gawo, na tambaye shi ko ya tuna da ciwon bushiya. Ya girgiza kai, ya ce a ƙuruciyarsa ya ga shanu na faɗuwa kamar an zuba musu guba.

Yau babu bushiya ko'ina a duniya. An fara babban gangamin rigakafinta a 1962 a yankin tafkin Cadi, tsakanin Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi. Da aka ga ta lafa sai aka yi sakaci, ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, makiyaya suka sake yin hasara mai yawa. Aka koma aiki, ba a tsaya ba sai a 2011, lokacin da hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sanar an kawar da ita.

Tana da ƴar'uwa da ke nan tare da mu, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Awaki da tumaki take kamawa: zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, tari, sannan zawo. Idan ta faɗa garken da ba a taɓa yi wa allura ba, tana iya kashe mafi yawansa, kuma awaki sun fi jin jiki. Ba ta kama mutum, amma aljihunsa take ci. Jar akuyar Maraɗi ita ce asusun uwargida: nonon yara, kuɗin magani, tiyar hatsi a bazara in rumbu ya ƙare. Shi ya sa a 2015, a birnin Abijan, ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin gamawa da ita nan da 2030. Shirin PRAPS na Bankin Duniya, wanda ya haɗa Nijar da wasu ƙasashen Sahel biyar, yana cikin masu tallafa wa wannan aiki.

Cutar ba ta da magani idan ta kama, amma allurar rigakafi guda tana kare dabba aƙalla shekara uku. Matsalar ita ce garke yana sabuntuwa kullum: ana haihuwa, ana sayarwa, ana sayowa. Alamar kunne ita ke nuna wadda aka yi wa allura, don kada a maimaita wa wata a tsallake wata. Dabbar da aka ɓoye kuwa, ita ce ƙofar da cuta ke shigowa.

Ga abin da nake roƙon ƴan ƙungiya. Ku kawo duk ɗan akuya da ɗan tunkiya da ya kai wata uku. Dabbar da kuka sayo a kasuwa, ku ware ta mako uku kafin ta shiga garke. In kun ga majina da zawo sun haɗu a kan dabbobi da yawa, kada ku kai su kasuwa ko mashaya, ku sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa.

Batun layya kuwa, na ce wa Baba a mazhabar Malikiyya yankan da ya wuce sulusin kunne ne ke ɓata ta, ƴar alamar nan ba ta kai haka ba, amma ya tambayi liman don hankalinsa ya kwanta. Ya tura jikansa. Kafin mu naɗe kaya, ragunan biyu sun shiga layi.