Makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru: Ina littafin rajista, ina sakamakon jarrabawa?

Matafiyin da ya baro Kano ya bi hanyar Zariya, da ya iso Kwanar Dangora ya shigo ƙasar Kiru. Idan ya karya hagu, hanya za ta kai shi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. A wannan yanki na noman rani da madatsar ruwan Tiga ta Bebeji ke raya shi, akwai wata makaranta da ba kasafai ake tuna ta ba idan ana lissafin makarantun Kano, wato makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru. Gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ce ta buɗe ta a zangonta na biyu, tsakanin 2011 da 2015, domin matasan da shaye-shaye ya yi wa katutu, a raba su da ƙwaya, a koya musu sana'a.

Manufa ce mai kyau, kuma buƙatarta ba ta ragu ba. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14 da dubu 300 a Najeriya ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. A 2019 kuma aka bankaɗo abin da ke faruwa a wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sasari a ƙafa. Iyaye sun kai 'ya'yansu can ne saboda sun rasa tudun dafawa.

To amma akwai tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa kowane gida da ake tsare yara a cikinsa, ko a Kiru ne, ko a gidan ajiyar yara na Goron Dutse, ko a gidan horon matasa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna: yaron da ya shiga, a wane aji karatunsa ya tsaya, kuma da wace takarda ya fito?

A ɗauka yaro ne daga Riruwai, yana aji biyu na babbar sakandare, aka tsare shi wata tara. A wannan ajin ne ɗaliban makarantun gwamnatin Kano ke zana jarrabawar cancanta, wadda da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO ko NBAIS. Ta wuce shi. Makin gwaje-gwajen aji, wanda makaranta ke aika wa hukumar jarrabawa, babu nasa. Ranar da aka sallame shi, abokansa sun yi gaba, shugaban makaranta na kallonsa da ayar tambaya, mahaifinsa kuwa ba shi da kuɗin yi masa rajistar jarrabawar masu zaman kansu. Sai ya koma majalisar da ta kai shi ga halin da aka kama shi a ciki. An gyara shi wata tara, an yanke masa hanyar karatu har abada. Wannan shi ne an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Doka ba ta yarda da haka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, kuma ba ta cire wanda ke tsare ba. Jihar Kano ta samu dokar kare haƙƙin yara a 2023. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 kan yaran da aka tsare sun tanadi abu biyu masu muhimmanci: karatun da za a ba yaro a tsare ya zama ɗaya da na sauran makarantun ƙasa, domin ya ɗora daga inda ya tsaya, sa'annan takardar shaidar da ya samu kada ta nuna cewa a tsare ya same ta. Manya ma a gidajen gyaran hali suna karatun digiri a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Idan fursuna mai shekara arba'in zai yi digiri, da wace hujja ɗan shekara goma sha biyar zai rasa aji?

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ya dace waɗannan yara su shiga lissafinta. Duk wanda aka kawo, a gwada karatunsa a makon farko, a rubuta matakinsa, ko boko ne ko allo. Ma'aikatar Ilimi ta tura ƙwararrun malamai, a haɗa gidan da wata sakandaren gwamnati da ke kusa, sunayen yaran su shiga rajistarta, su zana jarrabawa da sunanta. Mai koyon kafinta, walda ko ɗinki a yi masa rajistar NABTEB, don sana'arsa ta samu shaidar da ake karɓa ko'ina. Ranar sallama kuma ya fito da takardar komawa makaranta, hakimi ko dagacin garinsu ya sa ido a kan lamarin.

Daga ƙarshe, a riƙa bayyana alƙaluma duk shekara, ba tare da ambaton sunan kowa ba: nawa suka shiga, nawa suka iya karatu da rubutu kafin su fita, nawa suka zana jarrabawa, nawa suka ci, nawa aka sake dawowa da su. Bikin yaye ɗalibai da rabon keken ɗinki abu ne mai daɗin gani a hoto, amma waɗannan alƙaluma su ne za su shaida wa iyaye a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ko ɗan da suka miƙa amana ya dawo da abin da zai riƙe kansa. Allah Ya shirya mana zuri'a.