Tsakanin hadari da haɗari: Darasin da sararin Zariya ke koya mana

Duk wanda ya taɓa hawa bas daga Samaru zuwa Sabon Gari ya san inda kwandasta ke buga ƙofa yana cewa, "Abiyeshan, akwai mai sauka?" A nan Palladan, kafin a kai Kwangila, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1964. Daga nan ne ƙananan jiragen nan ke tashi suna shawagi a kan ɗakunan karatunmu tun da hantsi, har mun saba da ƙararsu, ba ma ko ɗaga kai.

Amma akwai abin da muka lura da shi. A watan Mayu, da zarar gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, kafin mata su gama kwashe shanya, sararin ya yi tsit, babu jirgi ko ɗaya. Haka nan a Disamba, ranar da hazo ya haɗiye dogon ginin Sanet na Jami'ar Ahmadu Bello, ba za ka ji motsinsu ba. Mutanen da suka fi kowa son tashi sama a garin nan su ne suka fi kowa saurin sauka idan sama ta sauya fuska.

Mu kuwa namu ya sha bamban. A daminar bara, wani abokin zamanmu ya tafi tarbo mahaifiyarsa da ke dawowa daga Umara, aka jinkirta jirginta na sa'o'i saboda ruwan sama. Ya kira mu yana ta faɗa, mu ma muka taya shi, har da masu cewa a ƙasashen da suka ci gaba ba a yin haka. Da ta iso, ya fara yi mata ƙorafi, sai ta ce masa, "Kai yaro, ni da na ga abin da ke sama ta taga, godiya nake yi da suka tsaya." Wannan magana ce ta sa muka koma muka bi tarihin jiragen da ba su tsaya ba.

Baƙon da bai iso Zariya ba

Ranar Asabar 22 ga Mayun 2021, an shirya faretin yaye sababbin kuratan soja a Difo da ke nan Zariya. Babban baƙo shi ne Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftana Janar Ibrahim Attahiru, wanda bai cika wata huɗu a kan kujerar ba. Da yammacin Juma'a ya taso daga Abuja cikin ƙaramin jirgin sojin sama samfurin King Air 350. Yanayi ya ɓaci a Kaduna, aka karkatar da jirgin daga filin sojin sama zuwa babban filin jirgin saman Kaduna, a kusa da nan ya faɗi. Mutum 11 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Hedikwatar Tsaro ta danganta lamarin da rashin kyawun yanayi. Ranar da ake jiran sa a Zariya, a ranar aka binne shi a Abuja.

Yawancinmu muna sakandare a lokacin. Mun ga hotuna a Facebook, mun yi addu'a, muka wuce. Kaɗan ne a cikinmu suka tambayi yadda ruwan sama, wanda muke wasa a cikinsa muna yara, ke iya kayar da ƙarfe mai injin biyu.

Me ke cikin hadari?

Dogon gajimaren nan mai kama da hasumiya da ke tasowa daga gabas kan kai tsawon kilomita 15 ko fiye a ƙasashe masu zafi irin tamu. A cikinsa iska mai ɗumi na hawa da gudu, mai sanyi na gangarowa da gudu. Wani lokaci iskar mai sanyi kan zubo ƙasa gaba ɗaya, kamar an juye bokitin ruwa a kan siminti, ta fantsama ta kowace fuska. Danginta ce iskar da ke yaye kwanon rufi a unguwanninmu a farkon damina.

Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Idan ya shiga irin wannan wuri yana ƙasa-ƙasa, da farko iskar za ta bugo shi ta gaba, ya ji kamar ya sami ƙarin ƙarfi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta danno shi daga sama, sannan ta juyo ta bayansa. Nan take abin da ke tallabe da fukafukan ya ragu, jirgin ya fara nitsewa, ga shi babu tazara tsakaninsa da ƙasa. Abin lura shi ne irin wannan zubowar iska ba ta cika wuce minti 15 ba. Sau da yawa ɗan jira kaɗan ake buƙata.

Haka ta faru ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006. Jirgin kamfanin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ana tsakiyar iska da ruwa, bai yi nisa ba ya faɗa wata gona kusa da filin jirgin. Mutum 96 daga cikin 105 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo. Binciken hukuma ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin yanayin da aka san ya ɓaci, da kuma rashin bin matakan kuɓuta daga juyin iska yadda ya kamata. A wannan fili, a wannan lokaci, matuƙin wani jirgin ya ce shi zai dakata har yanayi ya gyaru. Sama ɗaya ce a kan jiragen biyu.

Ƙasa da shekara guda kafin nan, ranar 10 ga Disambar 2005, jirgin Sosoliso daga Abuja ya tarwatse yayin sauka a Fatakwal cikin ruwa da iska. Mutum 108 daga cikin 110 suka mutu, 60 daga cikinsu ɗaliban makarantar sakandare ta Loyola da ke Abuja ne, za su je hutu gida. Masu bincike sun gano cewa matuƙan sun ci gaba da gangarowa alhali ba su hango titin sauka ba, kuma fitilun titin ba a kunne suke ba. Bayan waɗannan masifu ne aka kakkafa na'urorin gano juyin iska a manyan filayen jiragen saman ƙasar nan.

Watannin da jirgin Sakkwato da na Kaduna suka faɗi, wato Oktoba da Mayu, su ne bakin damina biyu, fitarta da shigarta, lokacin da hadari ya fi zuwa da iska. Manomin Bomo ko na Basawa ya san haka ba tare da ya shiga aji ba.

Hazo ma ba abin rainawa ba ne

Ƙurar hunturu da ke busar mana da leɓe daga nesa take zuwa. Yawancinta na tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wajen garin Faya, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa Kano da Zariya. Idan ta yi kauri, matuƙi yana iya kasancewa a saman filin jirgi amma bai ga titin sauka ba.

Kakanninmu suna tuna ranar 22 ga Janairun 1973. Jirgin Boeing 707 na ƙasar Jodan, wanda kamfanin jiragen saman Najeriya ya yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas. Yanayi ya ɓaci a Legas, aka karkatar da shi Kano, inda ya tarar da hazo da iska mai ƙarfi. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. A wancan lokaci yana cikin haɗarurrukan jirgin sama mafi muni da duniya ta taɓa gani.

Idan jirgi ya faɗi inda babu kowa

Waɗancan duk a kusa da filayen jiragen sama suka auku, inda akwai motocin kashe gobara da asibiti. Idan abin ya faru a daji ko sahara ko kan dutse, sai masifar ta zama biyu, ga faɗuwa ga nema.

Ranar 24 ga Yulin 2014, cikin dare, jirgin Air Algérie ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljiyas da mutum 116. Matuƙan sun kauce wa wani hadari, amma can sama ƙanƙara ta toshe na'urorin da ke auna ƙarfin injin, su kuma ba su kunna abin da ke narkar da ita ba. Na'urar ta riƙa ba da lissafin ƙarya, gudun jirgin ya yi ta raguwa har ya rikito kusa da Gossi a arewacin Mali. Babu wanda ya rayu, kuma sai da aka kwashe sa'o'i masu yawa kafin a gano wurin. Ƙanƙara a saman Sahel a watan Yuli abu ne da zai ba mutum mamaki, amma a nisan da manyan jirage ke tafiya sanyin ya fi na cikin firiza.

A gida Najeriya, wani ƙaramin jirgi samfurin Beechcraft 1900D ya tashi daga Legas zuwa filin Bebi da ke kusa da Obudu ranar 15 ga Maris ɗin 2008 da ma'aikata uku, ya ɓace. An yi ta nema da jirage masu saukar ungulu ba a dace ba. Sai a ƙarshen watan Agusta, bayan fiye da wata biyar, mafarauta suka ci karo da tarkacensa a cikin duwatsun Jihar Kuros Riba.

Akwai kuma labarin da ya fi taɓa mu. Ranar 17 ga Satumbar 2006, jirgin sojin sama samfurin Dornier 228 da ya ɗauko manyan hafsoshi zuwa taro a Obudu ya daki wani tsauni a Jihar Binuwai cikin mummunan yanayi. Mutum 13 daga cikin 18 suka rasu, ciki har da janar-janar 10. Wanda ya fara isa wurin wani yaro ne ɗan ƙauye da bai kai shekarunmu ba. Bai gudu ba, bai kuma tsaya kallo ba. Ya yi amfani da wayar ɗaya daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su ya kira gida, daga nan labari ya kai ga hukuma, aka ceto masu sauran numfashi.

Jirage na ɗauke da wata na'ura da ke aika saƙon neman agaji zuwa tauraron ɗan'adam idan sun faɗi, kuma Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, tana da cibiyar karɓar irin wannan saƙo a Abuja. Sai dai na'ura kan ƙone ko ta lalace. A irin waɗannan wurare, makiyayi da manomi da mafarauci su ne kan fara isa.

To, mu ina namu?

Mun yarda cewa wanda kwanansa ya ƙare babu makawa. Amma an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma rahotannin binciken da muka ambata sun nuna abu guda: yanayi kan buɗe ƙofar haɗari, mutum ne kan yanke shawarar shiga ko dakatawa. A rubuce, ɗan lanƙwasan kan harafi ne kawai ya raba hadari da haɗari. A filin jirgi kuwa, abin da ya raba su shi ne wani ya ce a jira, sauran kuma su yarda.

Abu na farko ke nan da ya rataya a kanmu. Gobe mu ne fasinjoji, wasunmu ma su ne manyan da za a ɗauka. Matuƙin da fasinjoji ke zagi, kamfani na ƙirga asara, babban mutum na duba agogo, yana cikin matsi. Kada mu zama cikin masu ƙara masa. Wannan hali ne ma muke nunawa a tasha, idan muka matsa wa direba ya kama hanyar Kano ko Kaduna ana tsuga ruwa don muna da jarrabawa da safe.

Na biyu, ƙannenmu da ke sakandare su sani cewa aikin jirgin sama ba tuƙi kaɗai ba ne. A kwalejin nan ta Palladan ana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da injiniyoyi, da masu tsara tafiyar jirgi. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin, don haka 'yan mata ma ƙofa a buɗe take. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana da makarantar koyar da ilimin yanayi a Katsina, kuma ana yin digirinsa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Mabuɗin shi ne lissafi da fiziks da jogarafi da Turanci. Wanda ke zaune gaban kwamfuta yana karanta tafiyar gajimare, ya rubuta gargaɗin da zai sa a tsayar da jirgi, ba a san sunansa ba, amma rayukan ɗaruruwan mutane na bi ta hannunsa kullum.

Na uku, idan Allah Ya ƙaddara muka riski wurin haɗari, na jirgi ne ko na mota, mu tuna yaron nan na Binuwai. Wayar da ke hannunmu ta kiran agaji ce kafin ta zama ta ɗaukar bidiyo. A faɗi sunan ƙauye mafi kusa da alamar hanya, a nisanci man da ya zube, kada a taɓa tarkace, domin da shi masu bincike ke gano abin da zai hana a maimaita.

Jiya da la'asar gabas ta sake haɗewa a kan Samaru. Masu shayi suka fara tattara benci, 'yan acaba suka fake a ƙarƙashin rumfuna, ƙananan jiragen Palladan kuma tuni sun koma gida. Da safe gari ya waye fes, muna kan hanyar lacca muka ji ƙarar na farko ya tashi. Wannan karon mun ɗaga kai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.